Shafin Kimiyya: Me Ya Sa Kunnen Doki Ke Juyawa, Namu Kuma Ba Ya Juyawa?

A wannan fitowa mun ɗauko darasi a kan tsokokin kunne, wato naman da ke motsa kunne da wanda ke tsaron cikinsa, a jikin mutum da na dabbobi. Mai karatu zai iya cewa wannan ai ƙaramin abu ne. To amma mu da muke zaune tsakanin Fagge da Sabon Gari, inda ƙarar janareta da hon ɗin Adaidaita Sahu da jiragen sama ba sa yankewa, darasin ya shafe mu kai tsaye. Muna roƙon a karanta har ƙarshe, domin akwai gwaji da tambayoyi a ƙasa.

Kunne kashi uku ne

Kafin mu shiga batun tsoka, bari mu tuna abin da muka koya a aji. Kunne ya kasu gida uku.

Na farko shi ne kunnen waje: fatar kunne da muke gani, wadda guringuntsi ne a cikinta, sai kuma ramin da ya shiga ciki har ya tsaya a dodon kunne. Aikin fatar kunne shi ne tattaro sauti ta zuba shi a cikin ramin, kamar yadda mazurari ke tattara mai ya zuba a kwalba.

Na biyu shi ne kunnen tsakiya, wani ɗan ɗaki mai iska a bayan dodon kunne. A ciki akwai ƙananan ƙasusuwa uku a jere, waɗanda aka sa wa suna saboda kamanninsu: guduma, maƙera da likkafa. Likkafa ita ce mafi ƙanƙantar ƙashi a duk jikin mutum, tsawonta kimanin milimita 3, kuma siffarta daidai da likkafar da mahayi ke sa ƙafa a kan doki. Idan sauti ya kaɗa dodon kunne, guduma ta miƙa wa maƙera, maƙera ta miƙa wa likkafa, ita kuma ta buga ƙofar kunnen ciki.

Na uku shi ne kunnen ciki, inda akwai wani abu mai kama da katantanwa cike da ruwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne ke mayar da kaɗawar sauti ta zama saƙo, jijiyar ji ta kai wa ƙwaƙwalwa. A riƙe wannan da kyau: idan waɗannan ƙwayoyi suka mutu a jikin mutum, ba sa sake tsirowa.

Tsokokin kunne suna wuri biyu. Wasu suna waje, a kewayen fatar kunne. Biyu kuma suna can cikin kunnen tsakiya. Za mu fara da na waje.

Dabbobi masu juya kunne

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya ga yadda kunnen doki ke aiki. Ana kaɗa tambari a gefe guda, ana busa algaita da kakaki a wani gefen, sai ka ga kunne ɗaya ya juya gaba, ɗaya ya juya baya yana sauraren mahayinsa. Doki yana da tsokoki kimanin 10 a kowane kunne, kuma yana iya juya kunnen har digiri 180, kowane kunne da kansa ba tare da jiran ɗan uwansa ba. Kare yana da kimanin 18. Kyanwa ta fi su duka, domin tana da kimanin 30 a kowane kunne.

Mene ne amfanin wannan? Akwai amfani uku manya.

Na farko, ƙara ƙarfin sauti. Kunnen jaki ko na zomo dogo ne mai zurfi. Idan ya fuskanci inda sauti ke fitowa, sautin yakan shiga da ƙarfi fiye da idan ya ba shi baya. Saboda haka dabba tana iya zaɓar sautin da take so ta ji, ta rage sauran.

Na biyu, gano inda sauti yake. Kyanwar da ke gadin rumbun ɗan kasuwa a kasuwar Singa ba ta ganin ɓera a cikin duhu tsakanin buhuna. Tana tsayawa cik, kunnuwa na juyawa har su tsaya a kan wurin da motsin yake. Kyanwa tana jin sauti mai siriri har kusan kaɗawa 64,000 a daƙiƙa ɗaya, alhali mutum mai lafiyayyen kunne iyakarsa 20,000. Kukan ɓeraye da yawa yana sama da abin da mu muke iya ji.

Na uku, tsira da rai. Dabbar da ake farauta, kamar barewa ko zomo, idan ta sunkuya tana kiwo ba ta da damar ɗaga kai kowane lokaci. Kunnuwanta ke yin gadi. Kuma juya kunne ba ya tona asiri kamar juya kai ko dukan jiki, don haka mafarauci da abin farauta duk suna amfana da shi.

Kunne yana magana

Tsokokin kunnen dabba ba don ji kaɗai suke aiki ba, da su take nuna abin da ke ranta. Barga da masu kula da dawaki sun daɗe da sanin haka. Idan doki ya miƙe kunnuwa gaba, hankalinsa na kan abin da ke gabansa. Idan ya sake su gefe, yana hutawa. Idan kuwa ya kwantar da su baya sun manne da wuya, to a ja da baya, cizo ko harbi na tafe. Haka jaki, haka raƙumi. Kyanwa ma idan ta shimfiɗe kunnuwa gefe ko baya, tsoro take ji ko faɗa take shirin yi. Ga ƙananan ƙannenmu masu son taɓa dokin ango ko na masu kilisa, wannan ilimi yana iya raba su da rauni.

A shekarar 2014 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Sussex ta Ingila, Jennifer Wathan da Karen McComb, sun gwada wannan. Sun nuna wa dawaki hoton kan wani doki yana fuskantar ɗaya daga cikin bokitai biyu na abinci. Yawancin dawakin sun nufi bokitin da dokin hoton ke fuskanta. Amma da aka rufe kunnuwan dokin hoton, ko idanunsa, sai zaɓin nasu ya zama na kame-kame. Wato dawaki suna karanta kunnuwan junansu.

Mutanen Fagge ba baƙi ba ne ga irin wannan ilimi. Asalin unguwar zango ce a wajen ganuwar birni, inda ayarin fatake da Buzaye masu raƙuma daga Agadas da sauran garuruwan Sahara ke sauka. Wanda ya yi wata da watanni a hanya da raƙumi ko jaki dole ya iya duban kunnen dabbarsa ya san ta gaji, ko ta ji wani motsi da shi bai ji ba. Harshenmu ma ya ajiye shaida: idan ƙungiyoyi biyu suka tashi wasa babu wanda ya fi wani, sai mu ce an yi kunnen doki, saboda yadda kunnuwan doki ke tsayawa daidai wa daida.

Wasu ayyukan daban

Akwai dabbobin da ke amfani da tsokar kunne don wata bukata dabam. Giwar Afirka, irin wadda ake samu a gandun dajin Yankari na jihar Bauci, tana kaɗa manyan kunnuwanta kamar mafici. Kunnuwan cike suke da hanyoyin jini, iska na bugunsu jinin ya huce, ya koma ya sanyaya jiki. Dorina tana toshe kunnuwanta idan za ta nutse, idan ta fito kuma ta karkaɗe su. Saniya da akuya suna korar ƙuda da kunne. Raƙumi kuwa ƙananan kunnuwa gare shi masu gashi a ciki, don kada yashi ya shiga.

Tsuntsaye ba su da fatar kunne irin tamu, rami ne kawai a ƙarƙashin gashi. Shi ya sa mujiya take juya kanta gaba ɗaya, har kusan digiri 270, don ta fuskanci sauti. A wannan fanni mun fi kama da mujiya fiye da doki: mu ma wuya muke juyawa.

To mu fa?

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne, mu ma muna da tsokokin motsa kunne. Akwai manya uku da suka haɗa kunne da fatar kai: ɗaya a gaba, ɗaya a sama, ɗaya a baya. Akwai kuma ƙanana 6 a jikin fatar kunnen kanta. Duka 9 ke nan a kowane kunne, kusan adadin na doki. Jijiyar da ke ba su umarni ita ce jijiyar fuska, wadda ke sa mu murmushi da ɗaure fuska da rufe ido.

Sai dai namu raunana ne, kuma kunnenmu gajere ne, manne da kai. Mutane kaɗan ne ke iya motsa shi da gangan, su ma ɗan motsi ne na ba da dariya. Mafi yawanmu ko mun yi ƙoƙari sai dai gira ta ɗaga.

Yaya muke gane inda sauti yake ba tare da juya kunne ba? Ta hanya uku. Sautin da ya fito daga dama yana riga isa kunnen dama kafin na hagu, da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, kuma ƙwaƙwalwa tana iya auna wannan tazara. Sannan kai yana tare wani ɓangare na sautin, sai ya fi ƙarfi a kunnen da ya fi kusa. Na uku, lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne suna ɗan sauya sauti gwargwadon ko daga sama ya zo, ko ƙasa, ko gaba, ko baya. Idan duk wannan bai isa ba, sai mu juya kai. Idan sautin ya yi rauni kuma, sai mu kai tafin hannu bayan kunne. Wannan tafin hannu shi ne dogon kunnen da muke ara na ɗan lokaci.

Shin tsokokin nan ba su da aiki?

A shekarar 1871 masanin halittu ɗan Ingila, Charles Darwin, ya lissafa tsokokin kunnen mutum a cikin gaɓoɓin da yake ganin saura ne kawai, aikinsu ya riga ya wuce. An daɗe ana maimaita wannan a littattafai. Amma binciken baya-bayan nan ya nuna cewa tsokokin ba a kwance suke ba.

Tun a 1908 wani likita mai suna Kinnier Wilson ya lura cewa idan mutum ya karkata idanunsa gefe sosai ba tare da juya kai ba, gefen kunnensa yakan ɗan lanƙwasa. Daga baya aka gano cewa ƙara ta ba-zata tana sa tsokar bayan kunne ta yi ɗan zillo cikin ƙiftawar ido, ko da mutum bai sani ba.

A 2020 masu bincike a Jami'ar Saarland ta Jamus, ƙarƙashin Daniel Strauss, tare da Steven Hackley na Jami'ar Missouri ta Amurka, sun manna wa mutane na'urar auna wutar tsoka a kewayen kunne. Suka ga cewa idan mutum ya mayar da hankali ga sautin da ke zuwa daga gefe guda, tsokokin kunnen wannan gefen suna ƙara aiki, kamar suna so su juya kunnen can.

A watan Janairun 2025 masu binciken na Saarland suka fitar da wani sakamakon. Sun sa mutum 20 sauraren karatun littafi, a lokaci guda ana sako musu wasu maganganu don a raba musu hankali. Da sauraren ya yi wuya, sai tsokar saman kunne ta ƙara aiki. Da sautin ya koma bayan mutum, sai tsokar bayan kunne ta ƙara aiki. Motsin da ke biyo baya ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa, kuma masu binciken ba su ce yana ƙara mana ji ba. Abin da suka nuna shi ne, tsokar na bin wahalar da mai sauraro ke sha. Wannan na iya amfanar masu ƙera na'urar taimaka wa ji, domin na'urar za ta iya gane lokacin da mai ita ke fama, ko ɓangaren da yake son ji.

Ashe da Bahaushe ya ce “kasa kunne” ko “baza kunne”, maganar tana da tushe a jiki. Ɗalibin da ke kujerar baya yana ƙoƙarin jin malam, ga hayaniyar titi ta taga, tsokokin kunnensa suna aiki tuƙuru, shi bai ma sani ba.

Masu gadi biyu a cikin kunne

Yanzu mu shiga ciki, inda muhimmin aikin yake. A kunnen tsakiya akwai tsokoki biyu.

Ta farko muna iya kiranta tsokar guduma, masana na ce mata tensa timfani. Tana riƙe da ƙashin guduma. Idan ta ja, dodon kunne ya ɗaure kamar fatar kalangu da aka matse tsarkiyarsa. Tana aiki musamman lokacin tauna da haɗiya da hamma, da kuma lokacin firgita.

Ta biyu ita ce tsokar likkafa, wadda masana ke kira sitafidiyos. Ita ce mafi ƙanƙanta cikin tsokokin da ke manne da ƙashi a jikin mutum, tsawonta 'yan milimitoci ne kawai. Idan ƙara mai ƙarfi ta shigo, ƙwaƙwalwa takan ba ta umarni ta ja likkafa ta ƙage ta, sai ƙarfin da ke isa katantanwa ya ragu. Ko da kunne ɗaya ƙarar ta shiga, tsokokin kunnuwan biyu ne ke ja tare. Ba mu ke ba da umarnin ba, kamar yadda ba mu ke umartar ƙwayar ido ta tsuke a cikin rana ba.

Tsokar likkafa tana kuma ja daidai lokacin da za mu fara magana, don kada muryarmu ta cika mana kunne. Ta fi rage sauti mai kauri, irin gurnanin inji, don haka tana taimaka mana mu tsinci magana a cikin hayaniya. Ana gane darajarta idan ta daina aiki. Akwai ciwon da ke shanye ɓarin fuska ɗaya, baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, wanda aka sa wa sunan likita Charles Bell. Jijiyar fuska ce ke samun matsala, kuma da yake ita ke kula da tsokar likkafa, wasu masu ciwon sukan ji ƙarar kwano ko kukan yaro ya yi musu tsanani a wannan kunnen. Wanda ya ga haka ga ɗan uwansa, asibiti ya kamata a nufa da wuri.

Dabbobi ma suna da irin wannan kariya. Ƙananan jemagu masu cin ƙwari suna fitar da ƙara mai tsananin ƙarfi su saurari amsa-kuwwarta don gane hanya a duhu. Kafin kowace ƙara tsokar kunnen tsakiya takan ja don kada jemagen ya kurmantar da kansa, sannan ta saki nan take don ya ji amsar. Zakara kuwa dabararsa daban ce: masu bincike a ƙasar Beljiyam sun auna cararsa a daidai kansa ta wuce desibel 130, suka kuma gano cewa idan ya wangame baki, ramin kunnensa yakan ɗan rufe.

Inda ƙarfin masu gadin ya ƙare

Nan ne inda muke so kowa ya tsaya ya yi tunani. Tsokokin nan biyu suna da rauni uku.

Ɗaya, suna da jinkiri. Sai ƙara ta shiga, saƙo ya je ƙwaƙwalwa ya dawo, kafin tsoka ta ja. Ƙarar fashewa kuwa, kamar ta bindigar gargajiya a wurin hawa, ko fashewar taya, ko nokawut da yara ke jefawa lokacin Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, tana gama ɓarnarta kafin tsokar ta motsa.

Biyu, suna gajiya. Tsoka ce kamar kowace tsoka. Ba za ta iya riƙe likkafa tun safe har yamma ba. Wanda ya wuni kusa da injin niƙa ko janareta, yawancin wunin babu mai tsare masa kunne.

Uku, ragin da suke yi kaɗan ne, kuma bai cika shafar sauti mai siriri ba, irin na injin yankan ƙarfe a wurin masu walda, ko na lasifikar da ta ɓaci.

Doki yana iya juya kunne ya ba ƙara baya. Dorina tana iya toshe nata. Mu ba mu da ko ɗaya. Ido yana da fatar rufewa, kunne ba shi da ita, ko muna barci a buɗe yake.

Unguwarmu da ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum kimanin 60 ce. Titi mai cunkoso yana kai 80 zuwa 85. Wayar hannu idan aka ƙure ta da iyafis tana iya kai 100 ko fiye. Lissafin desibel ba kamar na kuɗi ba ne: duk ƙarin 3, ƙarfin sautin ya ninka sau biyu. Ga ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar na tsawon lokacin da babba zai iya saurare a mako guda ba tare da cutuwa ba:

Desibel 80: awa 40
Desibel 85: awa 12 da rabi
Desibel 90: awa 4
Desibel 95: awa 1 da minti 15
Desibel 100: minti 20

A lura, a mako ne, ba a rana ba. Ga yara kuma ma'aunin ya fi haka ƙasa, desibel 75 ne na awa 40. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan 1 a duniya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti, kuma mutum kimanin miliyan 430 suna fama da raunin ji mai bukatar kulawa. Saboda haka ta keɓe ranar 3 ga Maris ta kowace shekara a matsayin Ranar Ji ta Duniya.

Mu dubi inda muke. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu jim kaɗan bayan haka, kuma tun daga lokacin wannan yanki ya zama cibiyar ciniki da sufuri. Yau ga Kantin Kwari, ga kasuwar Sabon Gari, ga Singa, ga 'Yan Kura. Ga titin Murtala Muhammad da titin Faransa da titin Katsina cike da ababen hawa. Ga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a maƙwabtanmu. Idan aka ɗauke wuta, kowane shago ya tayar da janareta. Da yawa daga cikinmu kuma bayan an tashi makaranta muna zuwa shagon iyaye ko wurin koyon sana'a: walda, kanikanci, niƙa, ɗinki, gyaran lasifika. Mu dawo gida mu cusa iyafis, mu ƙure sauti don ya danne hayaniyar waje. Ƙara a kan ƙara ke nan.

Ɓarnar ƙara ba ta zuwa da zafi ko jini, a hankali take cin kunne. Alamunta su ne: kunne ya riƙa yin ƙara kamar kukan gyare bayan an baro wurin biki ko inji, a ji kamar an toshe kunne da auduga, a riƙa cewa “na'am?” sau da yawa, a kasa tsintar maganar malam idan aji na surutu. Wani ɗalibin ana ce masa mai kunnen ƙashi ko marar mayar da hankali, alhali ji ne ya fara raguwa. Muna roƙon malamanmu, idan sun ga irin wannan, su dawo da shi kujerar gaba, su kuma ba iyayensa shawarar a duba shi.

Abin da za mu iya yi

1. Kada sautin waya ya wuce kashi 60 cikin 100, kuma a riƙa cire iyafis ana hutar da kunne. Kada a kwana da shi.
2. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, wurin ya yi ƙara da yawa. Ka matsa, ko ka taƙaita zama.
3. A wurin biki ko taro, kada a tsaya gaban lasifika. Nisa magani ne, a fili duk ninka tazara sau biyu yana rage kimanin desibel 6.
4. Masu koyon walda da niƙa da kanikanci su nemi abin toshe kunne na roba ko na soso. Auduga ba ta tare ƙara sosai.
5. A ajiye janareta a waje, nesa da ɗakin kwana. Wannan yana kare kunne, yana kuma kare rai daga hayaƙinsa.
6. Kada a jefa nokawut kusa da mutum, kada a yi wa aboki ihu a kunne da sunan wasa, kada kuma a mari yaro a kunne, domin mari ɗaya yana iya fasa dodon kunne.
7. Kada a sa tsinken ashana ko gashin kaza ko murfin biro a kunne.
8. Idan kunne na ciwo, ko yana zubar da ruwa, ko ƙara ta ƙi daina, a je asibiti. Akwai sashen kunne da hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Ya kamata mu sani kuma cewa rage ƙara ba alfarma ba ce kawai. Tun 2009 Najeriya take da dokar kayyade ƙara a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA.

Ku gwada da kanku

Gwaji na 1: Ku tsaya gaban madubi ku yi ƙoƙarin motsa kunne ba tare da ɗaga gira ba. Kowane aji ya ƙirga mutum nawa suka iya, monita ya kawo mana adadin, za mu liƙa sakamakon a fitowa ta gaba.

Gwaji na 2: A ɗaure wa ɗalibi ɗaya ido, ya zauna ba ya motsa kai. Wani ya tafa hannu a hankali daga dama, daga hagu, daga gaba, daga baya, shi kuma ya nuna da yatsa. Ku lura a ina ya fi yin kuskure. Sannan a bar shi ya juya kai, a sake.

Gwaji na 3: A wuri shiru, ku runtse ido da ƙarfi ko ku yi hamma. Wasu za su ji wani gurnani kamar tsawa daga nesa. Tsokar guduma ce ke aiki.

Gwaji na 4: Ku zauna minti 5 kuna kallon kunnen kyanwa ko akuya ko jaki daga nesa. Ku rubuta sau nawa ya juya da abin da ya sa.

Tambayoyin wannan fitowa

1. Tsokoki nawa ne a kunnen waje na mutum, kuma wace jijiya ce ke sarrafa su?
2. Kawo amfani uku da dabba ke samu daga juya kunne.
3. Me ya sa tsokar likkafa ba ta iya kare mu daga ƙarar fashewa?
4. Idan ɗalibi yana sauraren waƙa a desibel 100 na minti 30 kullum, sau nawa ya ninka ma'aunin mako?

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Mun ji, saura aiki da abin da muka ji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, idan Allah ya kai mu.